Dokar Karta da Alfarmar Nassi

A garuruwan masarautar Dutse, tun daga Gwaram da Birnin Kudu har zuwa Jahun da Miga, wasanni biyu ne suka daɗe suna tara maza a inuwar darbejiya idan an kawar da amfanin gona kuma aikin rani bai kankama ba, wato dara da karta, kuma dukansu biyu suna tafiya ne a kan dokokin da ba a rubuce suke ba, waɗanda kowace majalisa take riƙe da nata a ka. Wannan ne ya sa da wuya a tashi daga zaman wasa ba a yi gardama ba, domin baƙon da ya zo daga Kiyawa ko Kafin Hausa yakan iso da dokar garinsu, ya tarar masu gida ba su san da ita ba, ko kuma sun santa sun ƙi ta. Gardamar tana da amfaninta, kuma ba ta wuce tabarmar da aka yi ta a kai, matuƙar abin da ake ja-in-ja a kansa lamba ce ko tsinke ko ƙwallon dabino. Al'amarin yana sauyawa ne idan aka ɗora wasan a kan sunayen annabawa da ayoyin littafi mai tsarki, kamar yadda aka yi a Amurka a shekarar 1995, kuma kamar yadda masu son saukaka wa yara karatun addini a ƙasar nan za su iya sha'awar kwaikwayo.

Kartar da ta fi yaɗuwa a Nijeriya ita ce Whot, wadda wani Bature mai suna William Henry Storey ya ƙirƙira a Ingila a shekarar 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga ta. Kwalinta yana ɗauke da kati 54 masu siffofi 5, wato da'ira da alwatika da gicciye da murabba'i da tauraro, lambobinsu daga 1 zuwa 14 ban da 6 da 9, sai kuma katunan da suke ɗauke da lamba 20, waɗanda mai su yake da ikon kiran siffar da ya ga dama. Asalin dokar mai sauƙi ce, a jefa kati mai siffa ko lamba irin ta wanda yake sama, wanda ba shi da shi kuma ya ɗauko daga tulin da ake kira kasuwa. Abin da ya ba wasan armashi kuwa ƙari ne da 'yan Nijeriya suka raya, inda aka bai wa wasu lambobi iko na musamman: mai jefa 1 yana tsayar da wasa ya sake jefawa, 2 tana tilasta wa na gaba ya ɗauki kati biyu, 5 ta sa ya ɗauki uku, 8 ta tsallake shi, 14 kuma ta tura kowa kasuwa. Da zarar an bai wa katuna iko, sai tambayoyi su biyo baya, kuma a nan majalisu suke rabuwa. Wanda aka jefa wa 2, yana iya karewa da tasa 2 ya tura wa na gaba kati huɗu, ko dole ya ɗauka? Ana iya kammala wasa da katin iko, ko sai an rufe da kati na gama-gari? Wanda ya manta bai sanar cewa kati ɗaya ya rage masa ba, nawa ake ci masa tara? Takardar da take cikin kwali ba ta raba wannan gardama, kuma ko da ta raba, yawancin masu wasa ba su taɓa buɗe ta ba.

Dara ta fi karta tsufa a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba, har ta bar wa harshe karin maganar nan da ake cewa dara ta ci gida, amma ita ma ba ta tsira ba. Ana haƙa gidaje 30 a ƙasa, layi 5 sau 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kuma wanda ya jera uku a layi ɗaya yana cin ɗan abokin karawarsa guda. Saɓani yana tasowa a kan jerin da aka yi tun lokacin zuba 'ya'ya, a kan hukuncin wanda ya jera huɗu, da kuma a kan ko ana iya cin ɗan da yake cikin jerin uku. Dattijon da ya fi daɗewa a wurin shi ne alƙali, hukuncinsa kuma yana aiki ne a gindin wannan bishiya kaɗai, abin da ya yi daidai da cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

A shekarar 1993 wani masanin lissafi a Amurka, Richard Garfield, ya fito da wani nau'in karta dabam mai suna Magic: The Gathering ta hannun kamfanin Wizards of the Coast. Bambancinsa da kartar da aka sani shi ne ba kwali ɗaya ake rabawa ba, kowane ɗan wasa ne yake tara nasa katunan ta hanyar saye da musaya, ya zaɓi waɗanda zai shiga fage da su, kuma kowane kati yana ɗauke da rubutaccen iko nasa na kansa. Tun da kamfani yana fito da sababbin katuna kowace shekara, adadinsu ya kai dubbai, kuma babu mai tsara wasa da zai iya hango duk abin da zai faru idan kati kaza ya haɗu da kati kaza. Don haka aka kafa ƙa'idar cewa idan rubutun kati ya saɓa wa dokar gama-gari, rubutun katin ake bi, sannan aka wallafa kundin dokoki mai shafuka sama da 200, aka horar da alƙalai masu takardar shaida. Iyaye Kiristoci da dama sun ƙi wasan saboda hotunan matsafa da aljanu da suke cikinsa, kuma a wannan yanayi ne Rob Anderson ya fito da Redemption a shekarar 1995 ta hannun kamfanin Cactus Game Design, wasan da ya ɗauki tsarin na farko ya cika shi da mutanen Baibul, kuma har yau ana gudanar da gasarsa ta ƙasa a Amurka.

Tsarin Redemption ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa matsalar take. Kowane ɗan wasa yana haɗa aƙalla kati 50, a cikinsu akwai jarumai irin su Musa da Dauda da Iliya da Maryamu, akwai miyagu irin su Fir'auna da Jalutu da Hirudus, akwai katunan ƙarfafawa da ake ɗora wa kowane ɓangare, akwai kuma katunan da ake kira ɓatattun rayuka. Manufa ita ce a ceto rayuka 5 daga yankin abokin karawa, wanda shi kuma zai tare hanya da miyagunsa, sannan idan juyi ya zo kansa ya fito da nasa jaruman. Kowane jarumi da kowane mugu yana da lambobi biyu, ɗaya ta ƙarfin kai hari ɗaya ta juriya, kuma a ƙasan kowane kati akwai ayar da aka samo shi daga cikinta. Wanda ake rinjaya a fafatawa shi ne yake da damar jefa katin ƙarfafawa na gaba, kuma daga nan ne muhawarar masu wasan take farawa: akwai katin da yake hana iko aiki tun kafin ya fara, akwai wanda yake katse shi yana tsakiyar aiki, akwai wanda yake soke shi ɗungurungum, sannan akwai wanda aka rubuta a kansa cewa ba a iya soke shi. Idan katin da yake ba da kariya ya haɗu da mai soke kariya, wane ne yake fara aiki? Idan kati ya ce yana taimakon annabawa, wa za a lissafa a cikin annabawa, wanda nassi ya kira shi haka ƙarara ko duk wanda ya taɓa yin annabci? Tambaya ta farko ta wasa ce, ta biyu kuwa ta tafsiri ce, kuma masu wasan sun san da haka, shi ya sa suka raɗa wa kundin hukunce-hukuncensu sunan jagoran tafsiri, kwamitin da yake yanke hukunci kuma ake kiransa dattawa, kamar yadda ake kiran shugabannin ikilisiya.

Duk wanda ya zauna a gaban malamin usulul fiƙhu a zauren Dutse ko Kano zai gane wannan salon muhawara nan take. Ƙa'idar fifita rubutun kati a kan dokar gama-gari ita ce a fiƙhu ake kira gabatar da keɓantaccen nassi a kan gamamme, gyaran da ake yi wa tsohon kati da sabon hukunci yana kama da babin mai shafewa da abin shafewa, dogaro da abin da majalisa ta saba kuma shi ne hujjar al'ada, wadda mazhabar Malikiyya ta ba muhimmanci. Masu kare irin wannan wasa suna da hujja a nan, kuma ba ƙarama ba ce, domin yaron da ya koyi karanta jimla da kyau, ya bambance "kowane" da "wani", ya kawo dalili maimakon ɗaga murya, ya kuma karɓi hukuncin alƙali ko da bai yi masa daɗi ba, ya sami tarbiyyar da makarantu da yawa ba sa bayarwa. Suna kuma cewa yaran da suke wasan sun haddace sunaye da ayoyin da ba za su taɓa riƙewa ba daga wa'azi kaɗai, kuma babu dalilin ƙaryata su.

Sai dai wannan kamannin da kansa shi ne abin tsoro. Dokar wasa aba ce da mutum ya ƙaga domin ɓangarori biyu su yi kunnen doki, kuma wasan da ɓangare ɗaya yake cin nasara kullum ba wanda zai sake zama a kansa. Saboda haka dole mai tsara Redemption ya bai wa Fir'auna ƙarfin da wani lokaci zai iya tare Musa, ya bai wa Jalutu lambar da za ta iya kayar da Dauda, dole kuma yaron da yake riƙe da miyagu ya yi murna idan ya hana a ceci rai, tun da nasararsa a kan haka ta rataya. Nassi ya riga ya faɗi yadda labarin ya ƙare, wasa kuma ba ya yiwuwa sai an buɗe ƙarshen an mayar da shi abin sa'a da dabara. Haka kuma idan aka ga wani kati ya yi ƙarfi fiye da kima, kwamiti yana rage masa iko ko ya hana amfani da shi a gasa, wanda a wasan dodanni ba komai ba ne, amma a nan yana nufin wasu mutane sun zauna sun yanke cewa a rage darajar wani bawan Allah saboda daidaiton teburi. Kiristocin da suke wasan sun ɗauki wannan a matsayin kwaikwayo kawai, kuma wannan haƙƙinsu ne a addininsu. Ga Musulmi kuwa, tun kafin a kai ga lambobi, zana hoton annabi kansa ya rufe ƙofar, balle a sa sunansa a hannun mai lale.

Akwai kuma abin da ya shafi takardar ita kanta. A ƙasar Hausa almajiri ba ya zubar da ruwan wankin allo a ko'ina, kuma dattijo idan ya ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa yakan ɗauke ta ya cusa a tsagar katanga, ko da bai san abin da aka rubuta ba. Karta kuwa ana buga ta ne a kan tabarma da ƙarfi, ana lanƙwasa ta, ana lasar yatsa ana rabawa, idan ta tsufa yara su kwashe ta zuwa bola. Kati mai ɗauke da aya ba zai iya zama abin girmamawa kuma abin bugawa a lokaci guda ba, kuma duk wanda ya buga shi a maɗaba'a ya san wanne ne zai rinjaya a hannun yaro ɗan shekara goma.

Kamfanonin ƙasashen waje ma sun ɗanɗana irin wannan matsala ta taɓa alfarmar jama'a. A watan Yunin 2020 Wizards of the Coast ya janye katuna 7 daga gasanninsa saboda sunaye ko hotunan da suke ɓata wa al'ummomi rai, a cikinsu har da mai suna Jihad da mai suna Crusade, wato yaƙin 'yan Salibiyya. A shekarar 2001 kuma malaman Saudiyya sun haramta katunan Pokémon, inda suka kafa hujja da caca da kuma wasu alamomi da ra'ayoyin da suka ga sun saɓa wa aƙida.

Batun caca yana da nasa nauyin a Jigawa, jihar da aka ƙirƙira daga Kano a ranar 27 ga Agusta 1991, ta kuma ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Alƙur'ani ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a kusan kowane zauren ilimi, ta hana wasan nardi da na shaɗaranji, wato wasan ƙuri'a da darar Turawa, yayin da Shafi'iyya suka tsaya a kan karhanci game da na biyun idan babu kuɗi kuma bai shagaltar daga salla ba. A aikace jama'a sun daɗe da bambance kartar hira da kartar kuɗi, kuma ta biyun ce Hisba take bi. Amma kartar tarawa irin ta Amurka tana shigo da caca ta wata ƙofa, domin ana sayar da katunan ne a rufaffiyar leda, mai saye bai san abin da yake ciki ba, wasu katunan kuma an buga su kaɗan da gangan don su yi tsada. Wannan shi ne abin da malaman fiƙhu suke kira garar, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, Bahaushe kuma ya ce cinikin biri a sama. Wasan Garfield a farkonsa har da dokar cewa kowane ɗan wasa ya ajiye kati guda wanda mai nasara zai tafi da shi, aka cire ta daga gasanni saboda dokokin caca, kuma a shekarar 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye a wasu wasannin kwamfuta caca ne. Ɗora aya a kan ledar ba ya canza hukuncin cinikin.

Abin lura shi ne ƙasar Hausa ta riga ta mallaki hanyar haɗa gasa da nassi ba tare da an faɗa wannan rami ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato take shiryawa tun shekarar 1986, tana farawa daga ƙananan hukumomi irin su Miga, ta hau matakin jiha, ta kai na ƙasa, kuma tana da rukunoni daga izu 2 har zuwa izu 60 da tafsiri. Tana da dokoki rubutattu da ake sanarwa kafin a zauna, tana da alƙalai masu rabon maki a kan hadda da tajwidi da murya, tana kuma da nata saɓanin, kamar yadda ake auna mai karatu da ruwayar Warshu, wadda tsangayu suka gada, da mai karatu da ruwayar Hafsu, wadda makarantun Islamiyya suka yaɗa. Gardama tana faruwa a can ma, wani lokaci da zafi. Bambancin shi ne a musabaƙa makaranci ake aunawa, aya tana nan a matsayinta, ba a ba ta lamba, ba a kuma cewa wannan sura ta ci waccan. Haka yake a gasar kacici-kacici ta makarantun Islamiyya, inda ake tambayar yara tarihin annabawa da farillan alwala, wanda ya sani ya sami maki, wanda bai sani ba ya koya. Ilimin yana cikin kan yaro, takardar tambaya kuma hanya ce kawai. Duk malamin da yake son amfani da kati wajen koyarwa yana da wannan tafarki a buɗe, wato katin tambaya da amsa wanda ba ya ɗauke da lafazin aya, ba a sayar da shi a rufe, kuma babu wani kati a cikinsa da yake kayar da wani.

Abin da ya kamata a aro daga masu Redemption kuwa shi ne ɗabi'arsu ta rubuta hukunci. Idan sabuwar matsala ta taso a gasa, alƙali yana yanke ta a take don wasa ya ci gaba, daga baya a kai ta ga kwamiti, a tattauna, a shigar da sakamakon cikin kundi, ta yadda ba za a sake yin gardamar ba a wani gari. Majalisun karta da na dara ba su da wannan, shi ya sa dokar takan bayyana ne a daidai lokacin da za ta amfani mai gida, baƙo kuma ya tashi da zargin an yi masa maguɗi, ko ya nemi a sake lale. Samarin da suke cika gidajen kallon ƙwallo a Dutse suna iya muhawara a kan satar gida da taɓa ƙwallo da hannu har dare ya raba, su tashi lafiya, saboda sun san akwai dokokin da aka fara rubutawa a Ingila tun 1863 waɗanda kowa yake komawa gare su. Ƙungiyoyin matasa da na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ba sa buƙatar kuɗi mai yawa kafin su tattara dokokin dara kamar yadda dattawan Miga da Jahun da Ringim suke buga ta, su rubuta inda aka yi ittifaƙi da inda aka saɓa, tun kafin wayar hannu ta gama raba samari da gidajen da ake haƙawa a ƙasa.

Idan kuma sha'awar ita ce a ƙirƙiri karta ta gida mai koyarwa, kayan aikin suna nan birjik a wajen nassi. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27 a ƙarƙashin masarautu 5, wato Dutse da Hadeja da Gumel da Kazaure da Ringim, kuma kwalin Whot kati 54 ne, abin da yake bai wa kowace ƙaramar hukuma kati biyu cif, ɗaya na kasuwarta ɗaya na amfanin gonarta, ko dabinon Dutse ne, ko shinkafar fadamun Miga da Auyo, ko riɗin Maigatari, siffofi biyar kuma su tsaya a madadin masarautu biyar. A irin wannan wasa ana iya bai wa kasuwar Shuwarin ko ta Gujungu ikon tura kowa kasuwa ba tare da an taɓa alfarmar kowa ba, ana iya rage wa kati ƙarfi ko a ƙara masa duk lokacin da aka ga dama. Sarakuna da hakimai dai gara a bar su a waje, domin ranar da aka rubuta 14 a kan wani sarki aka rubuta 7 a kan wani, gardamar za ta bar majalisar karta ta koma fada.